Fulawar biki a ƙasar zafi: lissafinta, kulawarta da zaɓen mai haɗa ta

Idan uwar biki ta ce a nemo mai fulawa, sai an tambaye ta wacce, ta cincin da dubulan ko ta ado. Wannan rubutun a kan ta ado ne: wadda amarya ke riƙewa a hannu, wadda ake jerawa a teburan dina, da wadda ake lulluɓe bayan kujerar ango da amarya da ita. Da amarya nake magana, amma duk wadda aka ɗora wa ragamar biki, yaya ce ko gwaggo ko babbar ƙawa, maganar tata ce.

Rigimar fulawa kusan hanya ɗaya take bi. Amarya ta ga hoto a Instagram, na bikin da aka yi a wata ƙasa mai sanyi, ta tura wa mai dekoreshan ta ce irin wannan take so sak. Ita kuma ba ta son ciniki ya wuce ta, sai ta ce an gama. Ranar biki a jera furanni tun azahar a hol ɗin da ba a kunna masa esi ba, amarya ba ta shigo ba sai tara na dare, ta tarar duk sun sunkuyar da kai, gefen fararen ya koma kalar shayi. Daga nan a shiga musayar saƙon murya. Ɗanyen fure tun ranar da aka yanke shi ya fara mutuwa, kuma duk gwanintar mai fulawa ba ta wuce jinkirta mutuwar nan har a gama hotuna a watse ba. Saboda haka kafin a zo maganar kala da salo, a fara sanin daga ina furen zai zo, wace rana zai sauka, a ina kuma zai kwana.

Yawancin ros ɗin da kike gani a manyan bukukuwan Abuja, Kaduna da Kano, wanda wasu ke kira furen wardi, ba a nan aka noma shi ba. Kenya ce kan gaba, musamman gonakin da ke kewaye da tafkin Naivasha, sai Habasha, sai wanda ke biyowa ta kasuwar furanni ta Aalsmeer a ƙasar Holan. Naivasha tudu ce mai sanyi, ta kai kusan mita 1,900 sama da teku, shi ya sa furen can yake yin kai mai girma da kara mai tsawo. Ana yanke shi tun yana dunƙule, a sanyaya shi, a shirya shi a kwali babu ruwa, a sa a jirgi. Yakan sauka a Legas ko Abuja, ya bi ta hannun kwastan da jami'an duba tsirrai, sannan ya sake hawa jirgi ko mota zuwa garinku. Duk inda kwalin nan ya zauna a rana, ko da na sa'a biyu ne, an ci daga cikin kwanakin furen, kuma ido ba ya gane ɓarnar sai ranar bikin.

Na gida daga Jos ake kawo shi, don tudun Filato ya kai kusan mita 1,200, yanayinsa ya ba da damar noman fure. Ros ɗin Jos bai cika kai na Kenya girman kai ba, kuma ba kullum ake samun ɗaruruwa na kala ɗaya ba. Amma bai yi doguwar tafiya ba, kuɗinsa kuma ba ya rawa da dala kamar na waje. Don adon teburi da ganyen cikawa, a fara tambayar na Jos.

Sai kwanan wata. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Kano, Katsina, Sakkwato da Maiduguri yakan kai digiri 40 ko ya wuce, ros ɗin da zai yi mako a ɗaki mai sanyi ba ya wuce 'yan sa'o'i a ƙarƙashin kanofi. Hunturu kuma yana yaudarar mutane. Ana ganin ai garin da sanyi, amma iskar a bushe take ƙayau, tana zuƙe ruwan fure kamar yadda take fasa leɓe da diddige. Damina ta fi wa fure daɗi, sai dai laima na kawo ruɓa, ɗigo-ɗigon nan masu ruwan ƙasa da ke fitowa a kan farin ros idan ya yi gumi a cikin leda. Ki kuma leƙa kalandar Turawa ko da babu ruwanki da bukukuwansu. Makonni biyu kafin 14 ga Fabrairu, ranar masoya, jan ros yana tsada a ko'ina, don gonakin Kenya da Habasha Turai suke fara cika wa kwali. Haka a watan Maris, saboda ranar mata ta 8 ga wata da ranar iyaye mata ta Ingila. A 'yan shekarun nan Sha'aban, watan da ake rububin ɗaura aure kafin azumi, yana faɗowa ne a Janairu da Fabrairu, bukukuwan bayan ƙaramar Sallah kuma suna faɗawa cikin bazara. Na farko ya haɗu da tsada, na biyu ya haɗu da zafi.

Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: a bikinmu, cika hol da ɗanyen fure asarar kuɗi ce. Ɗanye yana da muhallinsa, wato inda hannu zai taɓa, inda hanci zai kai, da inda kyamara za ta matso. Fulawar hannun amarya ke nan, da ta teburin da ke gabansu ita da ango, da ta teburin kek, da ta teburan iyaye idan aljihu ya yarda. Duk abin da ya wuce kan mutum tsayi, ko yake nesa da taku biyar daga baƙi, na roba mai kyau ya wadatar, kuma a hoto ba mai bambancewa.

Idan har yanzu zuciya na kan bangon nan na ɗanyen ros da ake gani a bayan amare, a zauna a yi lissafi. Buɗaɗɗen ros faɗinsa kusan santimita 7 ne. A mita ɗaya ana jera guda 14, murabba'in mita ɗaya kuma yana cin 14 sau 14, kusan 200. Bango mai faɗin mita 3 da tsayin mita biyu da rabi murabba'in mita bakwai da rabi ne, ros 1,500 ke nan. Ana sayar da ros na waje a dami, galibi kara 20 a kowane dami, don haka dami 75 kike magana, ban da wanda zai karye ko ya lalace a hanya. Ki tambayi kuɗin dami ɗaya yau, ki ninka sau 75, sannan ki tuna cewa ango da amarya da masu liƙi za su tare rabin bangon. Idan wata ta yi miki kuɗin bangon ɗanyen fure da araha mai ban mamaki, ɗayan biyu ne: ko na roba za ta sa ta yayyafa ɗanye a gaba, ko kuwa za ta tsinka shi tsilla-tsilla har a riƙa hango soson da ake cusa furen a ciki ta tsakani.

Haɗa ɗanye da roba ba laifi ba ne, shi ne ma abin da ƙwararru ke yi, muddin an faɗa miki. Na roba a sama da baya, ɗanye a daidai ido da gaba. Abin lura ɗaya shi ne fari. Farin roba yakan yi tas har ya ɗan ja zuwa shuɗi a ƙarƙashin fitila, farin ɗanyen ros kuwa ruwan madara ne, idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sai ɗanyen ya zama kamar ya yi dauɗa. A zaɓi na roba mai ruwan madara. Kuma tunda na haya ne, ki je ki gan shi da idonki a ɗakin ajiyarsu. Ki buɗa tsakiyar furen da yatsa, can ƙurar bikin wasu take maƙalewa. Ki duba gefen ganye ko zare ya fara tsitstsinkewa, ki kwatanta na saman buhu da na ƙasa ko rana ta koɗar da wani. Fulawar da ta zaga bukukuwa ashirin ba a wanke ta ba, fitilar mai hoto ba ta rufa mata asiri.

Lissafin teburi shi ma da alƙalami ake yin sa. Baƙi 300 a teburi mai cin mutum goma teburi 30 ne. Ƙaramin kwano na tsakiyar teburi da zai cika ido yana son manyan furanni kamar 7, ƙanana 5 na cike gurbi, da reshen ganye 5. Manyan kaɗai sun zama 210. A ƙara kashi goma cikin ɗari saboda karyewa da waɗanda za su ƙi buɗewa, 231 ke nan, wato dami 12. Fulawar hannun amarya mai matsakaicin girma tana cin ros 20 zuwa 25. Idan ta wuce 30 ta yi nauyi, ga amarya da doguwar riga da mayafi da jaka, kafin a yi rabin taro ta miƙa wa ƙawa, ƙawa ta ajiye a kujera, wani ya zauna a kai. 'Yan rakiya kara 5 zuwa 7 ya ishi kowacce. Tsayin adon teburi kuma ko dai ya tsaya ƙasa da santimita 30, ko ya tashi sama da 60 a kan siririn ƙarfe ko gilashi. Abin da ya faɗo tsakani yana tare fuska, baƙi kuma ba sa shawara da kowa, sauke shi ƙasa suke yi su ajiye farantin abinci.

Ba kowane fure ke jure ƙasar nan ba. Kaneshan da kirisantimam ana raina su saboda araha, amma su ne jarumai, sukan yi mako biyu a ruwa mai tsafta, kuma idan aka cunkusa su kala ɗaya a kwano suna yin kyau sosai. Okid da anturiyam asalinsu furannin ƙasashen zafi ne, zafi bai cika damunsu ba, sanyi ne ma abokin gabarsu: idan aka sa su a firij tare da ros baƙi suke yi. Ros yana tsakiya, yana jurewa idan ya sha ruwa ya ƙoshi. Haidiranjiya, mai dunƙulen kai kamar kabeji da amare ke mutuwar so, ita ce ta fi kowa raki, rabin sa'a babu ruwa ta yi laushi kamar tsumma. Tulif da fiyoni furannin ƙasar sanyi ne, fiyoni ma lokacinta ɗan gajere ne a Turai, wajajen Afrilu zuwa Yuni, daidai lokacin da garinmu ke tafasa. Wadda ke son wannan cikar kan sai ta nemi ros mai cikakken kai ya tsaya a madadinta.

Lili tana da kyau da ƙamshi, amma a tsakiyarta akwai 'yan tsinkaye masu garin hoda ruwan goro. Garin nan idan ya taɓa farar riga ko babbar rigar ango ta shadda, ya zauna. Ana cire kawunan tsinkayen da yatsa ko tishu da zarar furen ya buɗe, tun garin bai fashe ba. Idan ya riga ya zuba a tufa, kada a goge da hannu, kada a sa ruwa. A ɗora salatif a hankali a ɗaga, a maimaita da sabon yanki har ya fita.

Wata matsalar ita ce kalar anko. An fitar da atamfa shuɗiya, sai a ce dole fulawa ta zama shuɗiya. Babu shuɗin ros na asali, duk wanda kika gani farin ne aka shayar da rini ko aka fesa masa fenti. Idan tafin hannu ya yi gumi ko ruwa ya ɗiga, rinin yana sauka a riga. A bar furen a fari, ruwan madara ko ruwan hoda, a kawo kalar ankon ta ribon, ƙyallen teburi da kwanuka. Ranar da za ki je wurin mai fulawa ki tafi da ƙyallen ankon da na rigarki a jaka. Hoton waya ba abin dogaro ba ne, ruwan hodar da ke wayarki daban da wanda ke tata.

Kamu, sa lalle da wunin gargajiya ba sa buƙatar furen waje sam. Faifai, ƙwarya, tabarmar kaba, zangarniyar gero, kan dawa, ganyen dabino da busasshen zoɓo sun fi dacewa da wurin, ba sa yaushi, kuma ana iya jera su tun jajibiri. Ganyen bishiyar turare yana jimawa bayan an yanke shi, ga ƙamshi. Furen nan mai kamar takarda da ke hawa katangun gidaje yana jan ido, amma da an yanke shi yake zubewa, sai dai a kawo shi da tukunyarsa. Tumfafiya da oliyanda, wata shukar ado mai fure, kuwa kada su kusanci teburin abinci: ruwan tumfafiya yana cutar da ido, oliyanda kuma guba ce tun daga ganye har fure.

Yanzu ga zaɓen mai aikin. Mai dekoreshan daban, mai haɗa ɗanyen fure daban. Wata gwana ce a labule, fitilu da steji, amma ɗanyen fure sai ta sayo ta tsattsaga a soso da safiyar biki. Wasu suna da mai fure da suke ɗauka, wasu suna yin duka biyun da kyau. Tambaya ce ke rarrabe su, kuma tambayar ba rashin kunya ba ce. Bayan gaisuwa ki ce, "Hajiya, don Allah daga ina kike kawo furen, wace rana zai iso, kuma a ina kike ajiye shi kafin biki?" Wadda ta san aikinta nan take za ta ce miki, misali, na Kenya ne, Laraba yake sauka don bikin Asabar, yana kwana a ɗaki mai esi da janareto ko sola. Wadda ta ce, "Ke dai kada ki damu, ƙanwata, ki bar min komai," ba ta amsa ba. Ki sake tambaya da fara'a. Idan aka sake zagaye ki, ki yi godiya ki nemi wata.

Hotunan shafinta ma a duba su da ido biyu. Hoton da babu fuskar kowa, babu sunan hol, ga tagogi da bishiyoyin da ba irin namu ba, mai yiwuwa daga intanet aka kwaso. Ki nemi bidiyon aikin da ta yi a watanni uku da suka wuce, a garinku, a irin yanayin da bikinki zai faɗo. Wanda ya fi amfani shi ne bidiyon da aka ɗauka ana tsakiyar taro ko ana watsewa, don kowane fure kyakkyawa ne minti goma bayan an jera shi. Idan tana da biki a wannan makon, ki roƙi izinin leƙawa lokacin da suke jeri. Za ki ga ko furannin a bokitan ruwa suka zo ko a kwance a bayan mota, za ki ga yawan yaranta, za ki ga yadda take magana da su idan lokaci ya ƙure. Ki kuma tambaye ta biki nawa ta karɓa a ranar taki. Asabar ɗin Disamba wasu kan karɓi uku, ita ta tafi wanda ya fi kuɗi, ta turo miki yara.

Idan teburan suna da yawa, ki biya a haɗa miki samfurin guda ɗaya tun da saura wata guda. Ki ɗauke shi hoto ta gefe da ta sama, ki ƙirga karan da ke ciki a gabanta, ku rubuta adadin.

Rubutun nan shi ne kariyarku ku biyun, ko da a saƙon WhatsApp ne wanda kowa ya amsa da "na yarda". "Adon teburi 30" ba bayani ba ne. A rubuta irin fure, kala, adadin kara a kowane kwano, wane ne ɗanye wane ne roba, da tsawon karan ros ɗin, don ana sayar da shi ne da tsawo, santimita 40, 50, 60 zuwa sama, kuma mai tsawon ya fi girman kai da tsada. A rubuta abin da za a sa idan wanda aka zaɓa bai samu ba, da sharaɗin sai an kira ki kafin a canza. A rubuta ƙarfe nawa za su shiga hol, ƙarfe nawa za su gama, wa zai biya mota. Masu fulawa da yawa suna neman rabin kuɗi ko fiye a matsayin kafin alƙalami, kuma da hujjarsu, don su ma sai sun biya kafin a yanko musu. Tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a 2023 farashin kayan waje ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka a fayyace: kuɗin da aka yi yau ya tsaya, ko zai bi dala? A kuma yi maganar ɗaga biki. Rasuwa ko rashin lafiya na sa a ɗaga, kuma idan an riga an yi odar fure ba ya komawa. Ki san ranar ƙarshe da za a iya canza kwanan wata ba tare da kuɗin ya salwanta ba. Galibi oda ta ƙarshe takan tafi ne mako biyu zuwa uku kafin biki, mai fulawar kuma a kama ta tun da saura wata uku idan bikin na Disamba ne ko na gab da azumi.

Wasu gidajen sun fi so su sayo dami su haɗa da kansu, musamman don walima ko ƙaramin taro. Ana iyawa, amma aikin yana farawa ne daga bokiti. A wanke bokitai da sabulu da bilic, ruwan nan da ake wanke fararen kaya da shi, har su zama za a iya shan ruwa a ciki, don ƙwayoyin cuta ne ke toshe karan fure su hana shi shan ruwa. A zuba ruwa ya kai kamar santimita 15. Idan ruwan rijiyarku ko burtsatse yana da gishiri-gishiri, a yi amfani da na leda. A kowace lita ɗaya a sa babban cokali 2 na ruwan lemon tsami, babban cokali 1 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na bilic. Sukari abinci ne, tsamin yana taimaka wa ruwa ya hau kara, bilic yana kashe ƙwayoyin cuta. Kowanne a zuba shi cikin ruwan daban, kada a haɗa bilic da lemon tsami zalla a kofi ɗaya, hayaƙin da suke fitarwa yana cutarwa. A zage duk ganyen da zai nutse a ruwa. A yanke santimita 2 zuwa 3 daga gindin kara, a karkace, da wuƙa mai kaifi ko almakashin fure. Almakashi mai dakushi matse karan yake yi ya rufe hanyar ruwa. Ana yankewa ana tsomawa, ba a tara su a tebur sai an gama.

Ros ɗin da ya zo a kwali a bar shi cikin takardar da aka naɗe kansa na sa'o'i uku zuwa huɗu yana shan ruwa, sannan a kwance. Ganyen furen na waje biyu ko uku masu kauri da ɗan duhu ba lalacewa ba ce, garkuwarsa ce, a bar su sai ranar haɗawa a cire. Yana son kwana biyu zuwa uku kafin ya buɗe yadda ake so, a lokacin zafi ƙasa da haka. Lili mai dunƙulallen kai takan ɗauki kwana huɗu zuwa biyar, don haka ita ake fara kawowa. Wanda ya langaɓar da wuya, iska ce ko dauɗa ta toshe shi: a sake yanke santimita 5, a naɗe kan da jarida ya miƙe, a tsoma a ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, a ba shi sa'a biyu. Haidiranjiya idan ta yi laushi a nutsar da kanta gaba ɗaya a baho na ruwan sanyi na minti 30 zuwa 45, don tana shan ruwa ta ganyen furenta, sannan a sake yanke gindin a dangwala shi a garin alif, irin wanda ake tace ruwa da shi.

Koren soson da ake cusa furanni a ciki yana da tasa ƙa'idar da ake yawan karyawa. A ɗora shi a kan ruwa a cikin baho a ƙyale shi ya nutse da kansa, minti ɗaya ko biyu ne. Idan aka danna shi da hannu, waje zai jiƙe ciki ya zauna a bushe, karan da ya shiga tsakiya kuma ya mutu da ƙishirwa alhali soson a jiƙe yake a ido. Kara idan an soka shi kada a ja shi baya, ramin iska yake bari a gindinsa. In wurin bai yi ba, a zare gaba ɗaya a soka a sabon wuri.

Wurin kwana ɗaki ne mai esi, labule a sauke, iskar kada ta bugi furen kai tsaye. Firij ɗin gida ba shi da tabbas: bayansa yana daskarar da ganye, kuma yawanci akwai kayan marmari a ciki. Ayaba, mangwaro, tuffa da tumatir idan suna nuna suna fitar da wata iska da ke tsufar da fure, kaneshan ma ya fi kowa jin ta, dare ɗaya ya isa ya ƙanƙance. Hayaƙi ma yana ɗauke da irin wannan iskar, saboda haka a nisanta furen daga janareto, daga murhun masu girkin biki, har da kaskon turaren wuta. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya a gidan biki, don ɗakin da ya fi sanyi galibi shi ne ɗakin da ake turara amarya. A nemi wani ɗakin. Haka humra da turaren fesawa: ƙawaye kan fesa wa fulawar hannu don ta yi ƙamshi, sinadarin kuma ya ƙone ganyen ya bar tabo mai ruwan ƙasa, musamman a fari.

Ranar biki abin da ya fi kashe fure shi ne hol ɗin kansa. Masu hol da yawa ba sa tayar da janareto su kunna esi sai gab da fara taro, saboda tsadar dizal, ɗakin da aka rufe tun safe kuma tanda ne. Wannan maganar da manajan hol ake yin ta tun ranar biyan kuɗi: ko a biya ƙarin sa'a biyu na esi, ko a tsara aikin yadda labule, fitilu da na roba za su hau da rana, ɗanye kuma ya shigo ƙarshe, sa'a ɗaya ko biyu kafin baƙi. A ɗauko shi a mota mai esi, a tsaye cikin bokitai, ba a but ɗin motar ba. A kuma tambaya ko akwai wani taro kafin naku a hol ɗin, don idan sai biyar na yamma za a ba ku mabuɗi, babban ado ba zai yiwu da mutum uku ba.

Fulawar hannu ita ce ta ƙarshen fita daga ruwa. A naɗe ribon a tsakiyar karan a bar gindin tsirara, ta zauna a kofi mai ɗan ruwa har amarya ta gama kwalliya. Kafin a miƙa mata a tsane gindin da tawul sosai, ɗigo ɗaya a kan satin yana fitowa a hoto. A ajiye kofin ruwa a ƙarƙashin teburin steji inda za a riƙa mayar da ita idan amarya ta zauna. Hanyar shigowa da filin rawa a bar su fili. Da an fara liƙi jama'a ke rufe wurin, dogayen tulunan da aka jera a ƙasa riguna ne ke kwashe su, yara su ƙarasa. Duk abin da zai tsaya a ƙasa a sa masa yashi ko dutse a gindi. Kyandir mai wuta kada ya haɗu da furen roba a teburi ɗaya, ga mayafai suna kaɗawa. Motar amarya kuma na roba za a sa mata, don murfin inji yana dafa ɗanye kafin a fita unguwa, a ɗaure da ribon ko zare, salatif yana barin tabo a fenti idan rana ta buge shi. Jan ganyen ros da ake watsawa a gadon amarya yana rina farin zanin gado idan aka danne shi, a watsa shi a ƙasa ko a tire.

Saura kwanuka. A bikinmu baƙi suna tashi da adon teburi, wasu har da gilashin, suna ganin rabon biki ne. Gilasai da ƙarafan na mai fulawa ne, kuma kuɗinsu a kanki zai dawo. A ƙirga su tare da yaronta lokacin jeri, a rubuta kuɗin kowane ɗaya idan ya fashe ko ya ɓata, a sa mutum biyu daga dangi su tsaya a kansu da an fara watsewa. Idan kin yarda a kwashi ɗanyen furen, mai gabatar da taro ya sanar cewa fure na baƙi ne, kwano na masu aiki. Ta hannunki kuwa idan kina son ajiye ta, a daren ko washegari a kwance ribon ɗin da ya jiƙe, a ɗaure karan da zare, a rataye ta kai a ƙasa a wuri mai duhu da iska. Mako biyu ta bushe, da hunturu ma ba ta kai haka. Jan ros yakan koma kusan baƙi, fari ya koma ruwan ƙasa, mai ruwan hoda da mai ruwan ɗorawa su suka fi riƙe kalarsu.